Mawaƙa Huɗu a Bangon Evdokiya

Karo na uku ke nan Lefteris yana hawo tudun ƙauyen, gumi ya jiƙa masa riga, har yanzu kuwa tsohuwa Evdokiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Shekara ashirin yana sayar da kayan tarihi a Atina, bai taɓa cin karo da irin waɗannan ba. Zane huɗu ne a kan 'yan alluna, kowanne bai kai tafin hannu ba: mawaƙan Girka na dauri, da gemu, da rawanin ganye a ka, ɗayansu makaho. A kusurwar ɗakin Evdokiya suke rataye, tsakanin hotunan waliyyai, fitilar man zaitun na ci a gabansu kullum. Hayaƙi ya dafe su.

Kallo ɗaya ya yi ya yanke hukunci. Tsohuwa ta ga gemu da da'ira a ka, ta ɗauka waliyyai ne. Zumuɗi ya kwashe shi, ya yi wa wani attajiri alkawarin kai masa su ranar Asabar, labari kuma ya zaga abokan sana'a. Yau Alhamis. In ya koma hannu rabbana, sunansa ya zube a cikin 'yan sana'ar.

Ta ajiye masa kofi da ruwan sanyi, tana goge yatsunta masu baƙi-baƙi da gefen zanen da ta ɗaura.

"Iya, jirgin ruwa ƙarfe biyar zai tashi."

"Gobe ma akwai wani, ɗana. Sha kofinka."

"Iya, waɗannan fa ba waliyyai ba ne. Mawaƙa ne, gumaka suka bauta wa. In limamin coci ya gani, me za ki ce masa?"

"Ni na ce maka waliyyai ne?"

"To me suke yi a gaban fitila?"

"Hayaƙin na yi musu kyau."

Ya haɗiye tsaki da ƙyar. "Shekararsu nawa a gidan nan?"

"Kai ne mai ilimi. Kai ka ce ɗari biyu, ni da ko aji uku ban gama ba."

Ya ninka kuɗin da ya taya. Ta girgiza kai.

"Ba su isa tafiya ba tukuna. Ka bari su ƙara ko da wata biyu."

"Wata biyu! Iya, kashe ni za ki yi? Ƙafata ta kumbura a tudun nan naku!"

"Haba, ga tumbi, ai hawan na yi maka magani."

Ƙarfe huɗu ta wuce. Ya roƙa, ya rantse da kabarin uwarsa, har da durƙuso. Sannan Evdokiya ta miƙe, ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe a tawul.

"Allah shaida, ban faɗa maka komai a kansu ba. Duk abin da aka faɗa, daga bakinka ya fito."

Bai ma tsaya ji ba. Ya dire mata kuɗin, ya rungume tawul ya gangara da gudu, duwatsu na zamewa a ƙafarsa.

Ta tsaya a ƙofa har ya ɓace. Sai ta jawo wani sabon allo daga ƙarƙashin gado, ta leƙa lambu ta ƙwala wa mijinta kira.

"Anestis! Bar tumatirin nan, ɗora ganyen a ka, ka zo ka zauna ka rufe ido. Ya tafi da makahon, sai na sake zana ka."