Ƙuli-ƙuli a Cikin Yaji

Akwai abin da Alhaji Maikano ya daɗe yana ɗagewa. Tun da ya ajiye aikin koyarwa ya tare gidan 'yarsa Ruqayya a Summerfield, can ƙasar Turawa, take roƙonsa ya zauna ta nuna masa yadda ake yi wa jikarsa Ilham allurar gaggawa. Likita ya tabbatar jikin yarinyar ba ya karɓar gyaɗa, ko ƙwaya ɗaya tana iya toshe mata numfashi.

Kullum amsarsa ɗaya ce: "Sai na huta."

Gaskiyar magana, bai yarda da zancen ba. Shi da aka yaye da kunun gyaɗa, mahaifinsa kuma da fataucinta ya ciyar da gida a Kano, yaya za a ce jininsa ne gyaɗa za ta kashe? A ganinsa wannan tsoron Turawa ne kawai.

Kuma yana ƙaunar yarinyar. Ganin irin abincin da take ci yana ƙona masa rai: soyayyen dankali na kanti, da kaza mai sanyi daga kwali. Don haka ya karɓe girkin gidan, tunda Ruqayya ma'aikaciyar jinya ce, mijinta kuma direban babbar mota da ba ya zama. Ya koya wa Ilham cin miyar alayyafo da dafa-dukan wake, har ta yi kumatu.

Wata Asabar Ruqayya tana wurin aiki, ya hura gawayi a bayan gida ya gasa nama. Ya ɗanɗana yajin da 'yarsa ta haɗa, wanda babu ƙuli-ƙuli a ciki, ya yamutsa fuska. Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko nasa mai ƙuli-ƙuli da aka aiko masa daga gida, ya barbaɗa kaɗan. A ransa ya ce da kaɗan-kaɗan jiki yake sabawa.

"Amarya, zo ki ci girkin angonki," ya kira ta, irin wasan kaka da jika.

"Ni ba na son ango mai furfura," in ji Ilham da karyayyar Hausarta. Ta zauna, ta miƙa hannu, sai ta tsaya. "Kaka, Mama ta ce kullum in tambaya. Babu gyaɗa?"

"Babu," in ji shi. "Ci abinki."

Ta ci tana lumshe ido, ta ce ya fi na Mama daɗi. Ya yi dariya.

Kafin gawayin ya huce ta fara sosa wuya. Leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma fito kamar na usur. Ya ba ta ruwa, ya zubo. Ya lasa mata zuma, ya tofa mata addu'a. Da ya ga idanunta suna juyewa sai ya ruga kicin ya ɗauko allurar, wata aba mai kama da ƙaton biro. Bai san kanta ba, bai san gindinta ba. Ya riƙe ta a juye ya danna a cinyar yarinyar, sai tsinin ya shige babban yatsansa. Maganin duk ya tafi a jikinsa.

Ya kira Ruqayya a waya.

"Baba, kashe wayar ka kira motar asibiti! Yanzu!"

Gidajen Summerfield a warwatse suke, tsakanin gonaki da dogayen hanyoyi. Lokacin da motar ta iso, Ilham ta daɗe ba ta motsi a hannunsa.

Allah ya yi da sauran kwananta. Amma likitoci suka ce ƙwaƙwalwarta ta jima babu iska. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta dawo sai ta yi fama kafin ta haɗa kalma biyu, hannunta na dama kuma ba ya riƙe cokali.

Ruqayya ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. A barandar asibiti ta tsaya gabansa ta ce, "Baba, na san Ilham. Ta tambaye ka?"

"Ta tambaye ni."

"Me ka ce mata?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya ta koma ɗakin 'yarta.

Bayan an sallame su, ya dafa farfesun kaza, ya wanke tukunyar da hannunsa, bai sa komai ba sai albasa da citta da gishiri. Ya kai wa Ilham har gado. Ta dubi kwanon, ta dube shi, ta juya fuskarta bango. Ba ta ci ba sai da uwarta ta karɓa ta ɗanɗana a gabanta.

Ya fito falo ya tarar da Ruqayya tana ninke kaya. Dattijon da ya shekara talatin yana koyar da mutane ya sauka ƙasa, ya zauna kan kafet a gaban 'yar cikinsa.

"Ruqayya, faɗa mini duk abin da likita ya ce, tun daga farko. Ba zan katse ki ba."

Ta dube shi. Sannan ta ajiye rigar da ke hannunta ta fara magana.

Jama'a, abin da ya gina jikinmu yana iya zama ajalin 'ya'yanmu. Ƙauna a tukunya ba ta isa ba sai an haɗa ta da sani. Idan likita ya hana yaro wani abinci, a kiyaye, a koyi maganin gaggawarsa tun yau, kuma idan yaro ya tambayi abin da ke cikin kwanonsa, a faɗa masa gaskiya.