Kyautar A-Barshi

Jan layin ya fito ne da safe, daidai lokacin da Oga ya sa yatsa zai gyara sakin layi na ƙarshe. Ya danna, harafi ya ƙi fitowa. Ya sake dannawa da ƙarfi, sai ka ce kwamfutar kurma ce. Rahoton yana nan a buɗe, ana iya karanta shi, amma ba a ƙara masa ko ɗigo, ba a kuma buga shi a takarda. Manhajar rubutun ta sanar da cewa ita jabu ce, ta kuma ajiye aiki sai an biya masu ita.

Biya! Kalmar da Oga bai taɓa shiri da ita ba ke nan. A bayan idonsa ma'aikata A-Barshi suke kiransa, domin duk shagon da ya shiga sai ya nufi aljihu da hannu a hankali, a hankali, har mai kaya ya gaji ya ce, "A bar shi, ranka ya daɗe." Ba wanda ya taɓa ganin hannun nan ya fito da wani abu. Ta haka kwamfutocin ofishin duka suka sami manhajarsu.

Ga shi yau Babban Darakta zai iso kafin tsakar rana, da 'yan jarida a bayansa, don a karanta masa wannan rahoto. Kujerar mataimakinsa babu kowa a kai, kuma Oga ya riga ya ɗinka sabbin kayan da zai hau ta da su.

Sakatariya ta leƙo ta ga yana haɗa gumi. Ta ce, "Oga, ai akwai wata ta kyauta, halal ɗinta. Kowa saukewa yake yi, kuma tana buɗe irin wannan rubutun."

"Ta kowa da kowa? Wadda 'yan makaranta ke aikin gida da ita?" Ya watsa mata harara. "Ke ma dai kin san ni na wuce nan."

Gaskiyarsa ya faɗa. A wurin Oga, abin da aka zube wa jama'a kowa ya ɗiba ba kyauta ba ne, raini ne. Kyauta ita ce abu mai tsada wanda mai shi ya miƙo maka da hannu biyu, yana murmushi zuciyarsa na ƙuna. Ya suri makullin mota ya nufi layin masu kwamfuta.

Layin tsit yake. Rabin shagunan a rufe, masu sauran kuma suna zaune a ƙofa sun yi tagumi. Ƙasa sai ƙyalli take da ɓaraguzan roba, suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa. Ya ja tsaki, ya ce a ransa mutanen nan ko shara ba su iya ba. Ya yi sallama, aka amsa masa ciki-ciki, ba wanda ya ɗago kai.

Mai gyaran da ya saba zuwa wurinsa yana tsaye gaban kanta babu komai a kai. Oga ya matso ya rage murya.

"Irin ta rannan nake so. Ta rubutu. Yi sauri."

Mutumin ya dube shi ya ce, "Babu, ranka ya daɗe. Ko faifai ɗaya bai rage ba."

"A filas ɗin kwamfuta fa?"

"An kwashe. Har kwamfutar da nake kwafa da ita an tafi da ita."

"Na ƙarƙashin kanta fa? Na cikin silin?"

"Nan aka fara dubawa."

Oga ya kai hannu aljihu a hankali, a hankali, don a ga yau da gaske yake. Mai gyara ya harɗe hannuwa a ƙirji yana jira ya ga abin da zai fito. Can sai Oga ya zaro hankici ya share wuya. Ya bi sauran shagunan ɗaya bayan ɗaya, amsar ba ta sake ba, har wani tsoho ma ya juya masa ƙeya. Ya koma mota yana zagin rowar mutane.

Tun daga ƙofar ofis ya fara ƙwala kira. "Sauke min taki ɗin! Ta 'yan makarantar!" Sakatariya ta nuna masa taga da haɓa. Motocin baƙi sun riga sun cika harabar.

A ɗakin taro Babban Darakta ya karɓi uzurinsa da fara'a. "Ba a buga ba? Ba komai. A haska mana a bango, kowa ma ya gani." Kafin Oga ya haɗiye miyau an ɗauko kwamfutarsa an jona ta da majigi. Rahoton ya bayyana a bango, jan layin nan a samansa, faɗinsa ya kai ƙofa, kowane harafi kamar tafin hannu. Na bayan ɗaki ma bai buƙaci tabarau ba. Masu ɗaukar hoto suka miƙe tsaye.

Wata 'yar jarida ta ɗaga hannu cikin ladabi, ta dubi Oga.

"Ranka ya daɗe, tambayata ɗaya ce. Kai ne shugaban rundunar yaƙi da satar manhaja, to wannan ta bango tsere maka ta yi jiya, lokacin da ka sa katafila ta bi ta kan faya-fayan 'yan kasuwa?"