Makullin da Ke Buɗe Kowane Kwaɗo

Tabawa ta gama haɗa wa ƙungiyar manoma ƙananan kwamfutoci uku masu aiki kamar guda, ta ɗora musu manhajar nan da ke tsakiya, wadda ke karɓar saƙon wannan manhaja ta miƙa wa waccan. Sai Malam Nomau, wanda ya koya mata aikin, ya tambaye ta wa da wa ke iya shiga. Ta ce kalmar sirrin da manhajar ta zo da ita ce kowa ke amfani da ita, ai abin ƙarami ne, wa zai kula da shi? Ya gyara zama ya ce bari ya ba ta misali.

An yi wani manomin rani a wata fadama, shi ke riƙe da injin ban ruwan da mutum bakwai suka yi karo-karo suka saya. Injin ɗan ƙarami ne, marar nauyi, mutum ɗaya ma ya saɓa shi a kafaɗa, amma albasar kowa da tumatir ɗin kowa da shi suke numfashi. Ya yi masa ɗaki na langa-langa a bakin rafi, ya sayo kwaɗo a kasuwa ya ɗana, makullin kuwa yana rataye a ƙusa ƙarƙashin indararo, duk wanda layinsa ya zo ya ɗauka. Shi dai a ganinsa ya gama tsaro, har yana tafiya yana karkata hula.

Ran nan ya je aron sifana wurin wani amininsa da ke da irin wannan ɗaki can gaba. Aminin ya laluba aljihu, ashe ya baro makullinsa a gida. Cikin wasa manomin, da ya taho da nasa makullin a ranar, ya zura shi a kwaɗon aminin ya murɗa, sai ga kwaɗo ya buɗe kamar da ma shi yake jira. Aminin ya yi ta dariya har da riƙe ciki, yana cewa yau ya huta da komawa gida. Shi kuwa bai ga abin dariya ba. Ranar kasuwa ya je teburin mai kwaɗuna ya gwada, makullin nan nasa ya buɗe huɗu a jere. Wato duk wanda ya taɓa sayen irin kwaɗon nan yana yawo da makullin ɗakinsa a aljihu, har wanda bai san hanyar fadamar ba.

Bai tsaya dogon tunani ba. Ya sa aka haɗa masa sakata mai kauri da kwaɗon da ba shi da ɗan'uwa, ya ɗaure injin da sarƙa a jikin turke, makulli biyu kacal, ɗaya wurinsa, ɗaya wurin dattijon cikinsu. Sannan ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba: manoman nan ruwa suke so, ba su da wata buƙata a cikin ɗakin. Sai ya fito da bakin bututu bakwai ta jikin bango, kowanne da nasa famfo da nasa kwaɗo. Makullin mai albasa ba ya buɗe na mai attaruhu. Da ɗaya daga cikinsu ya bar gonarsa ya koma birni, a ranar aka cire kwaɗonsa aka sa sabo. Tsegumi kam ya sha shi. Wasu suka ce ya mai da kansa sarkin ruwa, aminin nan kuma kullum ya wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, mai gadin zinariya!" Shi dai murmushi yake yi, ya ci gaba da gyaran kwamin shukarsa.

Wata Juma'a, lokacin da albasa ta fara ɗaura kai, fadama ta watse kowa ya tafi masallaci. Da suka dawo, manomin ya tarar da sawun babur a bakin ɗakinsa, ga guntun makulli ya karye a cikin kwaɗon, irin dai makullin nan na kasuwa. Ya leƙa ta kafar langa-langa, injin na nan zaune a turkensa. Ya yi hamdala. Sawun babur ɗin kuwa bai tsaya nan ba, ya miƙe gaba, kuma a ɗakin amininsa ba a ko fasa komai ba, an buɗe ne an ɗauke injinsa an rufe masa kwaɗonsa. Mako biyu aminin yana bin kasuwanni yana kwatanta launin injin da tabon da ke jikin tankinsa, shukarsa na kwantawa a rana. Manomin bai ce masa "ai na faɗa maka" ba, don ya ji tausayinsa ƙwarai. Ya nemi yardar abokansa, ya huda bango ya fito da bututu na takwas ya ja masa tiyo har gonarsa. Amma shi ma da nasa kwaɗon, da nasa makulli.

Nan Malam Nomau ya kai ƙarshen misalinsa. Tabawa ta jawo kujera ta fara sauya kalmar sirri, tana rubuta sunayen ma'aikatan ƙungiyar da iya ƙofar da kowa ke buƙata. Ya dube ta yana murmushi ya ce, "Yauwa 'yata. Ai Hausawa sun riga mu faɗa: kula da kaya ya fi ban cigiya."