Karen da Mama Ba Ta So

"Ka zaɓa," in ji Baba, "ko uwarka ko karen nan."

Muna tsaye a bayan gilashin ɗakin da aka killace Mama. Gyambon ƙafarta ya ƙi warkewa. Likita ya ce ƙwayoyin cutar sun daina jin magani, kuma gwaji ya nuna irinsu ne a jikin karena.

Ni na kawo shi gidan. Mama kuwa ta hana shi wuce bakin ƙofa, kullum tana kiransa ƙazami. Na rasa ta inda cutar ta same ta. Na amince a yi masa allurar mutuwa.

Aka sa mini safar hannu da takunkumi, na shiga na gaya mata, ina zaton hankalinta zai kwanta.

Ta damƙi hannuna. "Kada wanda ya taɓa shi. Idan kuka watse da safe kuka bar ni, da wa kake jin nake hira? Maza je ka duba min shi. Ba ya cin abinci sai a tafin hannuna."