Sikelin Malam Labaran

Wasiƙar mai gwajin sikeli ta zo da sharuɗɗa, Pwajok kuwa ya bi su kamar dokar coci. A kashe injunan wankin kuza tun da safe don kada ƙasa ta girgiza. A rufe tagogi saboda iska. A share ɗakin awo ƙal. Babban sikelin kuma kada wanda ya taɓa shi, a bar shi yadda yake tun ranar da aka sa wa ɗakin kwaɗo.

Wata biyar ke nan da sa kwaɗon.

Pwajok helma ne a wannan kamfanin kuza na Bukuru, shara ba aikinsa ba ce. Amma yau ya karɓe tsintsiya daga hannun lebura ya ce a bar masa. Ya share, ya goge, ya jawo teburin da za a jera duwatsun awo. Teburin na rawa. Ya yi tsaki, ya zaro wuƙar aljihu, ya fere guntun katako ya cusa ƙarƙashin ƙafar. Shi dai tun can ba ya iya ganin abu na rawa ya wuce.

Ba don kamfani yake wannan wahala ba, don Labaran ne.

Shekara goma sha shida Malam Labaran na tsaye a kan sikelin nan da gurguwar ƙafarsa, yana auna kuzar da mata ke kawowa daga kududdufai. Shi ne kuma ladanin masallacin unguwarsu. Shi da Pwajok, ɗaya na coci ɗaya na masallaci, kwano ɗaya suke cin gwate da rana, suna tsokanar juna a kan wanda zai riga wani shiga Aljanna.

Sai matan suka fara ƙorafi cewa awo na raguwa. Manaja ya ɗauki buhu ɗaya da Labaran ya auna, ya ɗora a ƙaramin sikelin ofis, ya ga rarar kilo uku a kan abin da Labaran ya rubuta. Bai tsaya jin rantsuwa ba, a gaban kowa ya sallame shi.

Korar ba ta ci Labaran kamar sunan da ya biyo ta ba. Mai tauye awo. A masallaci aka lallaba aka ce ya ɗan huta da kiran salla. Ya shige ɗaki, ya daina fita, ya daina ci. Cikin wata na uku aka kai shi makwancinsa.

Ranar ta'aziyya Pwajok ya durƙusa gaban Safara'u, matar marigayin, yana kuka kamar ba namiji ba.

"Uwargida, wani ne ya taɓa sikelin nan. In na gano shi, da hannuna zan jawo shi har gabanki."

Daga ranar ya tasa manaja a gaba, safe da yamma, har mutumin ya gaji ya rubuta Kaduna a turo mai gwaji.

Ƙarfe goma Nnaemeka, mai gwajin, ya iso da akwatunansa. A bakin ƙofar kamfani ya wuce wata mata cikin kayan takaba tana zaune a kan dutse, ko kallonsa ba ta yi ba. Safara'u ce. Tun hantsi take wurin, magana ɗaya kawai take jira.

Nnaemeka ya duba ɗakin, ya gyaɗa kai. Ya sa safar hannu, ya fara ɗora duwatsun ɗaya bayan ɗaya har suka cika kilo hamsin. Pwajok ya ƙura wa allurar sikelin ido.

Arba'in da bakwai.

Aka sauke, aka sake ɗorawa. Arba'in da bakwai dai.

"Oga, wannan sikeli ƙarya yake yi," in ji Nnaemeka da Hausarsa ta kasuwa. "Mutumin da yake auna ba shi da laifi ko kaɗan."

Pwajok ya dafa bango. Labaran ya wanku, amma yana ƙarƙashin ƙasa, ba zai ji ba. Saura ɗaya, a san mugun da ya yi wannan aiki.

Suka kama farantin sikelin su biyu, suka ɗaga, suka jingine shi. Nnaemeka ya haska tocila cikin ramin, ya daɗe yana dubawa. Sai ya miƙa hannu kusurwar hagu ya ciro wani abu, ya hure ƙurar jikinsa.

"Ga ɓarawon. Amma ba mugu ne ya sa ba, oga, wanda bai sani ba ne. Faranti dole ya yi rawa, rawan nan shi ne aikinsa. In ka tokare shi, nauyi zai sauka a kan katako, ba zai kai wurin allura ba."

Ya ɗora abin a tafin hannun Pwajok, ya juya yana rubuta rahoto.

Ta ƙofar da aka bari a buɗe, Pwajok ya hango Safara'u ta miƙe tsaye, tana gyara mayafi, tana duban inda yake. Ya dubi abin da ke tafin hannunsa. Guntun katako ne, an fere shi tsaf, ya kuma san safiyar da aka fere shi: ranar da farantin ya kusa kayar da Labaran, shi kuwa Pwajok ya durƙusa da wuƙarsa ya tokare masa shi, Labaran na tsaye a kansa yana cewa, "Allah ya bar zumunci, abokina."