Zinarin Fakon Alkasum

Munkaila ya kwance ƙullin tsumman a gaban maƙeri a hankali, kamar mai buɗe fuskar jariri. Garin zinari ne, bai cika cokalin shayi ba, amma tun daga Badaguishiri har Birnin Konni hannunsa bai bar aljihu ba.

"A narka mini, Baba Tanimun. Wanga somin taɓi na, sauran na ƙasa."

Tsohon ya juye garin a kasko, ya jawo gawayi.

Kai, Munkaila ya ga shekara! Da damina ƴan kunnen zinarin marigayiya uwarsa suka yi ɓatan dabo daga adaka. Matarsa Hamdiyya ta rantse ba ita ta ɗauka ba, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ina! Ya miƙa mata takardarta, ta koma gidansu Malbaza da cikin wata biyar. Har yau in an ambaci sunanta sai ya tofar da yawu.

Mutum ɗaya ya tsaya masa, Alkasum, amininsa tun suna yara, mai shiga ɗakinsa ba sallama. Shi ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah zai musanya masa da abin da ya fi.

Alkasum ya yi shekara uku a ramukan zinari na Jado, ya dawo da na'urar neman zinari da tari mai tsanani. Bayan girbi ya ja Munkaila zuwa wani fako nasa bayan tudu, inda ko akuya ba ta tsayawa. Na'ura ta yi kuka. Suka tona, suka wanke ƙasar a ƙwarya, sai ga rawaya tana ƙyalli a gindi. Munkaila ya ƙulle garin a tsumma.

"Ni ƙirjina ya ƙare, ba ni iya haƙa," in ji Alkasum. "Kuma ban so bare shi ci."

A gaban mai gari da shaidu aka yi musaya: fako ga Munkaila, garkar albasarsa ta gado mai rijiya biyu ga Alkasum. Dattawa suka ce a bari ya huce tukuna. Munkaila ya ce hassada ce ke cinsu.

Kwana arba'in yana haƙa, tafin hannunsa ya sale, bai ƙara ganin ko ƙwaya ba. Alkasum yakan leƙo da ƙafafu jiƙe daga ban ruwan albasa, ya ce jijiyar zinarin tana ƙasa, zinari ba ya son mai gaggawa. Shi ya sa yau Munkaila ya kawo na farkon, ya narka ya sayar, ya ɗauki mahaƙa.

Sai dai Baba Tanimun bai taɓa zugazugi ba. Motsa garin yake da tsinke, yana ɓata fuska.

"Ina ka samo wanga?"

"Cikin ramina. Da hannuna na wanke shi."

"Ƙasa ba ta da magagari, ɗana. Wanga goge shi aka yi daga jikin ƙerarren zinari."

Munkaila ya yi dariyar yaƙe. Tsohon ya sa hantsaki ya tsamo wani ɗan guntu, bai fi ƙwayar gero biyu ba, ya fita da shi rana. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya ɗora masa a salallen tafinsa. Gefen fure ne, da ɗigo uku a jere.

"Ɗigo ukun nan shaidata ce," in ji shi. "Ni na ƙera ma uwarka ƴan kunnen nan, shekarar da aka haife ka."