Tabon Manja a Littafin Yaya Sagiru

Jiya ban runtsa ba, ina ta saƙe-saƙen ko ya dace in haɗa littafin Yaya Sagiru cikin kayan da zan kai tantancewa. Tun da aka daina buga takarda, mu dillalan tsofaffin littattafan labarin zane ba mu da ikon sayar da ko ɗaya sai ofishin tantancewa ya ba shi maki, ya rufe shi cikin gilashin da ba a sake buɗewa.

Da hantsi na isa. Malama Zulai, mai karɓar kaya, ta ɗaga littafin da safar hannu, idonta ya tsaya a kan wani tabo.

"Malam Nafi'u, wannan fa? Miya ka sha a kai?"

"Manja ne. Yatsan yayana ne, Allah ya jiƙansa. Yana cin doya yana karanta mini."

"Amin. Kada ka damu, injinmu zai goge shi tas kafin a rufe. Makinsa ya hau, masu saye su yi rububi."

"In na ce a bar tabon fa?"

"Ba a rufe mai tabo." Sannan ta rage murya. "Wai me labarin yake cewa ne? Duk daɗewata a nan, ban taɓa karanta ko ɗaya ba."

Na bar mata sauran littattafan, na karɓi na Yaya Sagiru. Na zauna ni kaɗai a bencin waje, na tuɓe safar hannun da doka ta ɗora mana, na buɗe shafin farko da hannuna.